Kamfanin talla ya riƙe asusun ɗan kasuwa: me ake iya karɓowa, me ya tafi ke nan?

Nura: Assalamu alaikum. Ga wata mas'ala ga masu ilimin abin. A ce ɗan kasuwa ya ɗauki kamfanin talla yana gudanar masa da tallarsa a Google da Facebook da Instagram, har an shekara biyu. Yanzu yana son su raba gari, sai kamfanin ya ce asusun nasu ne, su suka buɗe. Shi kuwa abin da ke hannunsa bai wuce rahoton da ake turo masa duk ƙarshen wata da rasit ɗin kuɗin da ya biya ba. Ta ina zai fara? Kuma akwai abin da zai iya ƙwatowa, ko sai dai ya sake sabon lale?

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam, Malam Nura. Kafin a yi maganar ƙwato wani abu, sai an san abin da ake nema. "Asusun talla" ba abu ɗaya ba ne, tarin abubuwa ne, kowanne da nasa mabuɗi. A ɓangaren Google akwai Google Ads, akwai bayanin mai biyan kuɗi wanda yake zaman kansa, akwai Analytics mai ƙirga maziyartan shafin intanet, akwai Tag Manager da ake saka lambobin bibiya a shafin ta cikinsa, wani lokaci har da Merchant Center na jera kayan sayarwa da tashar YouTube. A ɓangaren Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, akwai Business Manager, wanda yanzu suke kira fotfoliyo, a cikinsa kuma ga asusun talla, ga shafin Facebook, ga Instagram, ga Pixel, wato lambar da ake dasawa a shafin intanet don bibiyar maziyarta, ga lambar WhatsApp. Ƙarƙashin duka kuma ga domen ɗin shafin intanet, wato adireshinsa.

Ya ɗauki takarda ya rubuta kowanne, a gabansa ya sa amsar tambaya biyu: wa ya buɗe shi, kuma wane matsayi ni nake da shi a ciki. Kada ya kira su da faɗa kafin ya cika wannan takarda. Wanda ke riƙe da mabuɗi minti ɗaya ya ishe shi ya fitar da kai.

Malam Habu: Bari in ɗauki Google Ads, don shi ya fi sauƙi. Kowane asusu yana da lamba mai alƙaluma 10, a rubuce uku, uku, huɗu, tana can sama ta hannun dama idan an shiga. Ita ce abu na farko da zai nema. Ƙa'idar Google ga masu gudanar wa wasu talla ta ce a ba mai kaya wannan lambar idan ya tambaya, a bayyana masa kuɗin aikin da ake caja, kuma kowane mai talla a buɗe masa nasa asusu daban. Saboda haka tambayar lambar ba roƙo ba ne.

Matsayin shiga kuma biyar ne: mai karɓar imel kawai, mai ganin harkar biyan kuɗi, mai kallo kawai, sai wanda suke kira Standard, sai admin. Inda mutane ke ruɗuwa shi ne Standard. Mai wannan matsayi yana iya gyara kamfen, wato shirin talla, ya ƙara kuɗi, ya tsayar da talla, sai ya ɗauka ya mallaki asusu. Alhali ba ya iya gayyatar kowa, ba ya iya cire kowa. Admin kaɗai ke da wannan. Ya nemi a gayyaci imel ɗinsa a matsayin admin, ya karɓi gayyatar, sannan ya shiga "Access and security" ya tabbatar da idonsa.

Idan suka ce gayyatar ta ƙi tafiya, su duba sashen tsaro na wannan wuri. Akwai jerin domen ɗin imel da aka yarda a gayyata. Kamfanoni da yawa suna sa nasu kaɗai, to sai an ƙara gmail.com ko domen ɗin mai kaya kafin ta wuce.

Sadiya: Yaya Habu, to da ya zama admin shi ke nan sai ya cire su nan take?

Malam Habu: A'a ƙanwata, nan ne ake yin ɓarna. Kamfanin ba da imel ɗin mutum ɗaya yake shiga ba, da asusun manaja yake shiga, wanda a da ake kira MCC. Za a gan shi a ƙarƙashin "Managers", gefensa akwai wurin cire shi. Cirewar danna ɗaya ce. Amma akwai abubuwan da ke rataye a jikin manajan, da ya fita sai su bi shi.

Na farko biyan kuɗi. Idan Google na tura wa kamfanin takardar kuɗi duk wata ne ta hannun asusun manajansu, ranar da aka raba su talla za ta tsaya cak, sai an saka sabon mai biya.

Na biyu, kuma wannan shi ya fi cuta saboda ba ya ihu, ƙirgen ciniki. Wato abin da ke gaya wa Google cewa wanda ya danna talla ya saya, ko ya cika fom, ko ya kira waya. Ana iya ajiye wannan ƙirge a asusun manaja a raba wa duk abokan hulɗa. Hanyar ganewa: duba lambar da ta fara da AW a jikin shafin intanet, ka gwada ta da wadda asusunka ya nuna a matsayin tasa, sannan ka duba wane asusu ne aka rubuta yana kula da ƙirgen. Idan na manaja ne, bayan rabuwa talla za ta ci gaba da fita, kuɗi na tafiya, amma ciniki zai nuna sifili. Kamfen ɗin da aka bar wa na'ura ta tsara farashi bisa ciniki kuwa, da ta daina ganin ciniki sai ta rikice, ko ta janye ko ta yi ta watsa kuɗi inda ba riba.

Na uku ƙananan kaya: jerin kalmomin da aka hana talla fita a kansu, jerin shafukan da aka toshe, da rukunin mutanen da suka taɓa ziyarta, in dai daga manaja aka aro su. A kwafe su tun kafin a rabu.

Injiniya Kabiru: Gaskiya ne, amma Malam Habu akwai gefe ɗaya da ya kamata a faɗa, don kada jinkirin ya yi yawa. Idan manajan ne ya ƙirƙiri asusun, kai tsaye shi ne ke da matsayin mai mallaka. Mai wannan matsayi yana iya gayyatar mutane, ya rage musu matsayi, ya cire su. Ma'ana ko ka zama admin yau, gobe yana iya fitar da kai muddin igiyar na nan. To shiri ake yi a gama, sannan a yi yankan a zama ɗaya: a buɗe sabon ƙirgen ciniki na asusun kansa a gwada shi, a shirya katin biya, a sauke rahotanni, sai a cire manaja, a bi jerin masu shiga a cire duk imel ɗin da ba a sani ba, har da gayyatar da ba a riga an karɓa ba. Wannan ta ƙarshen ana yawan mantawa da ita.

Alhaji Ɗanjuma: Ni ina ganin ana wahalar da kai. A buɗe sabo kawai. Manhajar Google Ads Editor kyauta ce, a sauke kamfen gaba ɗaya a loda a sabon asusu, aikin awa biyu. Rigimar me za a yi?

Malam Habu: Ranka ya daɗe, Editor yana kwaso gini ne, ba ya kwaso tarihi. Kalmomi, rubutun talla, tsarin kamfen, duk za su zo. Amma abin da asusun ya koya a shekara biyu, wace kalma ce ke kawo mai saye, wane lokaci, wace waya, wane gari, wannan yana nan a tsohon. Makin ingancin kalmomi ma daga farko zai fara taruwa. Kuma ko Editor ɗin sai kana da izinin shiga tsohon asusun kafin ya sauke maka komai.

Inda maganarka ta yi daidai shi ne wuri uku. Idan kuɗin da ake kashewa kaɗan ne kuma ba a taɓa ƙirga ciniki yadda ya kamata ba, babu tarihin da za a yi wa kuka. Idan kamfanin ya cusa tallar mutane da yawa cikin asusu ɗaya, ba za su taɓa ba ka admin ba, don za ka ga sirrin wasu. Wannan a kai ƙorafinsu ga Google a kuma buɗe sabo. Sai kuma idan an buɗe asusun da kuɗin ƙasar da bai dace da kai ba, domin nau'in kuɗi ba ya canzuwa bayan an buɗe, in dala ce dala ce har abada.

Alhaji Ɗanjuma: To na ji. Amma in za a buɗe sabon, a ja kunnen mutum: kada tsoho da sabo su riƙa tallar shafi ɗaya lokaci guda, kuma kada a bar bashi a tsohon. Google na dakatar da asusu saboda kuɗin da ba a biya ba, kuma yana iya haɗa sabon da tsohon ta domen ko kati. Wanda ya buɗe sabo don ya kauce wa dakatarwa laifinsa ya fi na farko girma a wurinsu, suna ɗaukarsa zagaye doka ne. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Hajiya Bilki: Ku ba ni Meta, don a can labarin ya sha bamban, kuma yawancin 'yan kasuwarmu can kuɗinsu yake.

Magana ɗaya ce mai ɗaci: asusun tallar da aka buɗe a cikin fotfoliyon kamfani ba ya fita daga ciki. Babu maɓallin miƙa shi, ko da kamfanin na da kyakkyawar niyya. Iyakar abin da za su iya shi ne su ba fotfoliyonka izinin aiki a kai a matsayin abokin hulɗa, kuma ranar da suka ga dama su janye. Gini ne a filin wani. Saboda haka kada ɗan kasuwa ya ɓata wata uku yana neman abin da tsarin kansa bai yarda da shi ba. Hanya ɗaya ce ta kauce wa wannan: idan fotfoliyon gaba ɗaya don kasuwancinsa aka buɗe, ba wasu a ciki, to sai a ba shi cikakken iko a kan fotfoliyon, shi kuma ya cire su. Asusun bai motsa ba, masu gida ne suka canza.

Abin da ya cancanci a tsaya a kai shi ne shafin Facebook da Instagram, don su suna fita, kuma a nan mabiya suke. Ya shiga saitin shafin, wurin da ke nuna masu izini. Zai ga mutanen da ke da iko, zai kuma ga sunan fotfoliyon da ya mallaki shafin. Mutum na iya zama da cikakken iko a shafi amma mallakar tana wurin kamfani, kuma mallakar ita ke sama.

Matakan sakin shafi: da farko ya tabbatar shi kansa yana da cikakken iko a shafin kai tsaye da nasa Facebook, ba ta cikin fotfoliyonsu aka ba shi ba. Sannan ya buɗe nasa fotfoliyo a business.facebook.com. Sannan su shiga nasu saitin, su zaɓi shafin, su cire shi. Nan take shi kuma ya ƙara shi a nasa, kada ya kwana. Abu biyu ke hana cirewa ta yiwu: ko shafin ne suka sa a matsayin babban shafin fotfoliyonsu, sai sun musanya shi da wani, ko kuma yana haɗe da Instagram ɗin da ke cikin fotfoliyon, sai an kwance haɗin ko an saki Instagram ɗin shi ma.

Sadiya: Hajiya, Pixel fa? Shi ma ana sakinsa?

Hajiya Bilki: Shi ɗan'uwan asusun talla ne, 'yata. Wanda ya ƙirƙira shi ke da shi, sai dai ya ba da aro. In za a rabu lafiya, a roƙi aron na wata ɗaya ko biyu, a kuma dasa sabon Pixel a shafin intanet tun yau su yi aiki tare, sabon yana tara nasa. Rukunin maziyartan shafin intanet da ake ginawa daga Pixel iyakarsa kwana 180 ne, to asarar tana da iyaka, cikin wata shida an maye gurbinta. Rukunin waɗanda suka yi hulɗa da shafin Facebook ko Instagram kuwa yana kai kwana 365, kuma daga shafin ake gina shi, da shafi ya dawo hannu sai a sake gina shi a sabon asusu a rana ɗaya. Shi ya sa na ce shafi ne abin faɗa.

Abu uku na gaggawa kafin a rufe ƙofa. Sunaye da lambobin mutanen da suka cika fom ɗin talla, Meta na riƙe su kwana 90 ne kawai, a sauke su yanzu. Rahoton Ads Manager, wurin gudanar da tallar Meta, yana komawa baya wata 37, a sauke shi kamfen-kamfen, da rabe-raben shekaru da gari da wurin da talla ta fito. Sai lambobin tallace-tallacen da suka tara sharhi da yabo. Kowace talla rubutu ce a jikin shafi mai lambarta, ko da ba ta bayyana a bango ba. Idan an adana lambar, galibi ana iya ɗora sabuwar talla a kanta daga sabon asusu, sharhin mutane ɗari biyar ya biyo ta. In aka sake lodawa daga farko kuwa, fayau za ta fito.

Mamman: Ƙari kan na Hajiya. Sabon asusun Meta ba ya gudu ranar farko. Suna sa masa ƙaramin iyaka na abin da zai kashe a rana, sai ya biya kuɗi sau da yawa lafiya sannan su ɗaga. Sabon fotfoliyo kuma asusun talla ɗaya yake iya buɗewa da fari. Kowane rukunin talla sai ya sake koyo, abin da suke ƙiyastawa da sakamako kusan 50 cikin kwana 7. Mai hankali sai ya buɗe nasa tun ana ɗasawa da kamfanin, ya riƙa sa 'yan kuɗi kaɗan na mako biyu ko uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kada a yi wannan canji ana saura mako biyu Sallah, lokacin da mai atamfa da mai takalmi ke yin cinikin shekara.

Injiniya Kabiru: Mu dawo ƙasa, domen. Duk wanda ke iya shiga wurin da aka yi rajistar domen ya gyara bayanan DNS, wato saitin domen ɗin, shi ne mai shafin a idon Google da Meta, don ta nan ake tabbatar da mallaka. A duba da sunan wa da imel ɗin wa aka yi rajista. Idan na kamfanin ne, a nemi su tura shi zuwa asusun mai kaya a wurin mai rajistar ɗaya, wannan ya fi sauri, ko su buɗe makullin su ba da lambar canja wuri. Domen irin .com ba ya canja mai rajista cikin kwana 60 na farko bayan saye ko bayan wani canjin. Masu .ng kuma NiRA ce ke sama da masu rajistarsu. A duba ranar ƙarewa ma, don rabuwa na yawan faɗowa daidai lokacin da ba wanda ya tuna da sabuntawa.

A Meta fotfoliyo ɗaya ne kawai ke iya riƙe tabbacin domen. Sai sun cire shi daga nasu kafin naka ya karɓa. A Search Console na Google, inda ake duba yadda shafin ke fitowa a bincike, kuma cire sunan mutum bai isa ba, sai an goge shaidar da ya yi amfani da ita, ko layin TXT ne a DNS ko fayil ne a shafin, in ba haka ba danna ɗaya zai dawo.

Analytics yana da sauƙi fiye da yadda ake zato: ana iya ɗauke shi daga asusun kamfani zuwa naka da tarihinsa da lambarsa mai farawa da G, sharaɗin kawai mai ɗaukewar ya zama yana da iko a asusun biyu. Tag Manager kuwa sai dai a fitar da abin da ke ciki a fayil, a loda a sabo, a canza lambar GTM a shafin. Kada a bar tsohuwar lambar a shafi ko kwana ɗaya bayan rabuwa. Mai ikon wallafawa a Tag Manager yana iya saka duk abin da ya so a shafinka ba tare da ya taɓa kalmar sirrinka ba.

Nura: To idan suka ce ga imel ɗin da muka buɗe komai da shi, ga kalmar sirri, je ka? Ai an huta.

Injiniya Kabiru: Ba a huta ba. Imel ɗin da wani ya buɗe yana da ƙofofin baya: lambar wayar farfaɗowa, imel na biyu, lambobin ajiya na matakin tsaro na biyu, wayoyin da har yanzu suke ciki, manhajojin da aka ba izini, da umarnin tura kwafin saƙo zuwa wani wuri. Ko ka canza lambar waya, Google na iya ci gaba da amincewa da tsohuwar har kwana 7. Abin yi shi ne a shiga da shi sau ɗaya, a gayyaci imel ɗin da mai kaya ya buɗe da hannunsa a matsayin admin a kowane wuri, a ƙara mutum na biyu amintacce, sannan a cire tsohon imel ɗin gaba ɗaya.

Kuma bayanin mai biyan kuɗi na Google yana da nasa jerin masu izini daban, a payments.google.com. Zama admin a Ads bai sa ka zama admin a can ba. In sunan kamfanin ne a kai, akwai hanyar canza mai biya a sashen kuɗi na asusun, a bi ta, a kuma sake tantance mai talla da takardun mai kaya. Duk mai son ya san sunan wa ke kan tallarsa yanzu, ya nemi domen ɗinsa a Ads Transparency Center zai gani.

Hajiya Bilki: A Meta ma akwai irin wannan ƙofar baya. Bayan an cire mutane da abokan hulɗa, a duba "System users". Ba mutane ba ne, mabuɗai ne da ake ba manhajoji, kuma suna aiki ko an kori wanda ya ƙirƙire su. A goge wanda ba a san aikinsa ba, amma a lura, in shago na tura bayanan ciniki ta ɗayansu ne, gogewa za ta yanke shi, sai an yi sabo.

Sai layin WhatsApp da talla ke turo mutane. Wa ya yi rajistar layin? A Najeriya layi na ɗaure da NIN ɗin wanda ya yi rajista. Idan yaron kamfanin ne ya saya da sunansa, gobe yana iya zuwa ya ce ya ɓata a ba shi sabo, duk kwastomomi su koma hannunsa. Irin wannan layi a fara janye mutane daga kansa tun yanzu.

Barista Zainab: Na ga an gama da na'ura, bari in sa baki ta fuskar takarda. Abu na farko, in ana bin ɗan kasuwa kuɗin aiki, ya biya. Da yawan riƙe asusu daga nan yake tasowa, kuma haƙƙi ne. Mai bashi a wuyansa ba ya da bakin cewa an ci amanarsa.

Na biyu, a karanta yarjejeniya, ko da saƙonnin WhatsApp ne kawai. A nemi abin da aka ce game da wa'adin sanarwa da mallakar asusu. Sannan a rubuta wasiƙa guda, ba zagi, a jera kowane abu da lambarsa, a faɗi abin da ake so a yi da shi, a sa rana, misali kwana 14. Wasiƙar da ta ce "ku ba mu asusunmu" ba ta da amfani. Wadda ta ce "ku gayyaci wannan imel a matsayin admin a asusu mai lamba kaza" ita ce ake iya riƙe mutum da ita.

Na uku, hotuna da bidiyo. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, asali haƙƙin aiki na wanda ya ƙirƙira ne sai in yarjejeniya ta ce wani abu daban, kuma miƙa shi sai a rubuce. Biyan kuɗin ɗaukar bidiyo kaɗai bai tabbatar ya zama naka ba. A sa layi ɗaya a takardar rabuwa da ke miƙa su, a kuma karɓi asalin fayilolin.

Na huɗu, lambobin kwastomomi da aka ba kamfanin ya loda. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora nauyinsu a kan mai kasuwar da ya tara su. A nemi su goge, su kuma tabbatar a rubuce.

Alhaji Ɗanjuma: Barista, in sun toshe kunne fa? Akwai yaran da ke cewa a ba su dubu hamsin su ƙwato shafi cikin dare ɗaya.

Barista Zainab: Alhaji, a nisance su. Shiga asusun wani ba da izini ba laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015, ko da kana ganin kayanka ne a ciki, sai mai gaskiya ya koma wanda ake tuhuma. Yawancinsu ma katin shaida da kuɗin kawai suke so.

Hanyar da ta rage ita ce ta Meta da Google kansu, sai lauya. Meta na karɓar ƙorafin rikicin mallakar shafi, suna neman katin shaida na hukuma, wasiƙa mai sa hannu da ke bayanin alaƙarka da shafin, da takardun kasuwanci. Google ma na da fom na wanda ya rasa hanyar shiga, suna tambayar lambar asusu da shaidar biyan kuɗi. Amma su biyun ba alƙalai ba ne, ba sa fassara kwangila. Abin da suke dubawa shi ne sunan wa ke kan takarda da kati.

Ɗan Maraɗi: Barista, mu nan Nijar ba mu da CAC, takardar rajistar kasuwanci ta Najeriya. Me za a nuna?

Barista Zainab: RCCM da NIF ɗinku, wato rajistar kasuwanci da lambar haraji, su ne madadinta, Malam. Abin lura ɗaya ne ko'ina: sunan da ke kan takardar ya dace da sunan shafin da na domen, harafi da harafi in zai yiwu. A haɗa da bayanan banki da ke nuna kuɗin da aka tura.

Malam Habu: Da an samu shiga, abu biyu za a buɗe kafin komai. Tarihin canje-canje na Google Ads yana nuna shekara 2, wa ya taɓa me, a wace rana. A nan ake gane ko ana aiki ko an kunna an tafi. Sannan a jera abin da asusun ya kashe wata-wata kusa da abin da kamfanin ya caja. A tuna akwai harajin VAT na kashi 7.5 da Google da Meta suka fara ɗora wa masu talla a Najeriya a 2022, da kuɗin aikinsu, da bambancin canjin dala in da dala ake biya. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne abin tambaya. A yi lissafin kafin a zargi kowa, don sau da yawa gibin da ake gani haraji ne da canji.

Kuma a makon farko kada a taɓa kamfen ɗin da ke aiki. Sabon mai gida yana son ya nuna hannunsa, ya canza farashi, ya goge kalmomi, ya sake rubutu, duk rana ɗaya, sai ciniki ya faɗi a rasa ko rabuwar ce ko gyaran.

Sadiya: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. In an ɗauki sabon kamfani, yaya za a ba su shiga?

Mamman: A Google su turo buƙatar haɗawa daga asusun manajansu zuwa lambarka, ka karɓa, amma kada ka kunna musu matsayin mai mallaka. Ƙirgen ciniki ya zauna a asusunka, katin biya naka. A Meta su ba ka lambar fotfoliyonsu, ka ƙara su a abokan hulɗa, ka zaɓi abu ɗaya-ɗaya da za su taɓa: asusun talla su gudanar da kamfen, shafi su yi talla da amsa saƙo, Pixel su yi amfani da shi. Cikakken iko ya tsaya wurin mutum biyu na gida, kowanne da matakin tsaro na biyu a wayarsa. In suka ce tsarinsu sai a nasu asusun suke aiki, ka tambaye su a rubuce me zai biyo ka ranar rabuwa, ka ajiye amsar.

Hajiya Bilki: Ka manta ɗaya, Mamman. A sa wa asusun Meta iyakar kashewa gaba ɗaya a sashen biyan kuɗi, daidai da kasafin wata. In ya kai, talla ta tsaya da kanta sai mai gida ya ɗaga. A sa tunatarwa a waya ranar 1 ga wata don a duba an sake saita shi, in ba haka ba ana iya wayar gari talla ta mutu ana neman dalili.